Kafin Ƙashi Ya Kama

Sukuru huɗu da sandunan ƙarfe biyu aka ɗaura mini a ƙugu ranar wata Talata, kuma tun ban bar gadon asibiti ba na tambayi Likita kaurin sandunan da irin ƙarfen da aka yi su da shi. Ya yi dariya. Ya ce shekara goma sha shida yana wannan aiki, marasa lafiya suna tambayarsa yaushe za su yi wanka, yaushe za su koma gida, amma ba a taɓa tambayarsa kauri ba. Duk da haka ya faɗa mini. Na sa Inna ta miƙo mini fensir daga jakata, na rubuta a bayan katin asibiti.

Aikina ne ya jawo. Ina aiki a ɗakin gwajin kankare na wani kamfanin gine-gine. Duk inda aka yi zubi, ana ɗibar kankaren a cika wasu ƙananan akwatunan ƙarfe, ya daskare ya zama dunƙule mai nauyin kilo takwas. Mu jiƙa dunƙulen a tankin ruwa, mu fito da wasu a kwana na bakwai, wasu a kwana na ashirin da takwas, mu sa su a injin matsa har su fashe. Lambar da allura ta tsaya a kai ita ke faɗin ko ginin zai ɗauki nauyi. Ni nake sa hannu a takardar. Ni kaɗai ce mace a ɗakin, kuma a shekarata ta farko na ji da kunnena ana cewa kafin wata shida zan roƙi a mayar da ni ofis. Tun daga ranar ban bar kowa ya ɗaga mini dunƙule ba.

Ciwon ya fara kamar gajiya. Daga baya ya sauka ƙafar hagu, daga cinya har babban yatsa, kamar an ratsa mini wayar wuta. Na kai ba na iya tsayuwar minti goma a gaban inji sai na jingina da bango ina yi kamar ina duba waya. Hoto ya nuna gaɓa ta huɗu a ƙashin bayana ta zame gaba a kan ta biyar, ta danne jijiya. Na sha magani, an yi mini gashi, an yi mini allura a baya har sau biyu. Shekara biyu ana haka. A ƙarshe Likita ya ce abin da ya rage shi ne a buɗe, a sassauta wa jijiyar, a ɗaure gaɓoɓin biyu da ƙarfe, a ɗebo ɓarɓashin ƙashi daga ƙuguna a shimfiɗa a gefensu, har su haɗe su zama ƙashi ɗaya.

Yayana kafinta ne, irin masu kafa katako da turakun da ke tallafe kankare kafin ya yi ƙarfi. Shi ya bar makaranta, ni na ci gaba, kuma ba mu taɓa zama mun yi wannan maganar ba. Shekara uku da suka wuce aiki ya haɗa mu a gini ɗaya. Dunƙulen kwana bakwai suka faɗi gwaji, na je na hana a cire turaku sai an ƙara mako biyu. Ya zo yana mini bayani a gaban abokan aikinsa, yana kirana Auta kamar muna gida. Na ce masa, "Malam kafinta, a nan takarda ce ke magana." Daga ranar bai sake ce mini Auta ba. Injiniya yake cewa, yana jan ƙarshen kalmar.

Da na kira shi na gaya masa za a yi mini aiki, ya ce bayan mutum ba ƙyauren ɗaki ba ne da za a ɗaura masa ƙarfe, in ƙara haƙuri. Na ce ban kira shi shawara ba, na sanar da shi ne don kada ya ji a bakin wani. Duk da haka ya zo ranar aikin. Inna ta ce awa biyar yana tsaye a baranda bai zauna ba, kuma ya tafi kafin in farfaɗo.

Ranar sallama Likita ya ba ni doka uku: kada in sunkuya, kada in murɗa jiki, kada in ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi, har wata uku. Sista ta koya mini juyi a gado kamar gungumen icce, kafaɗa da ƙugu su tafi tare. Aka ɗaura mini wata rigar roba mai tauri daga ƙirji zuwa ƙugu, wadda na sa wa suna sulke. Likita ya yi dogon bayani a kan ɓarɓashin ƙashin da lokacin da yake ɗauka kafin ya kama. Na gyaɗa kai a inda ya kamata. Hankalina yana kan ƙarfen.

Ɗakina yana hawa na biyu, matakala ashirin da biyu. Inna ta zauna da ni kwana goma. Gwiwoyinta ba sa son matakala, kuma duk lokacin da take goge mini baya sai in ji numfashinta ya canza in ta zo kan ɗinkin. Ban iya jure wannan ba. A kwana na goma na ce mata na warke, ta koma gida. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da taurin kai aka haife ni, ko nono sai na ga dama nake kamawa. Ta jera mini tukwane da kofuna a kan tebur inda hannuna zai kai, ta tafi.

Abu na farko da ya faɗi shi ne cokali. Na tsaya a kansa ina kallonsa kamar ya faɗa rijiya. Sai murfin man shafawa, sai matajin kai, sai albasa guda da ta gangara ƙarƙashin kujera. Na koyi taka ɗaki ina kewaye su. Wanda zan iya turawa da ƙafa, in tura shi gindin bango. Da rana maƙwabta duk suna wurin aiki, ba abin da nake ji sai ƙarar mai walda a ƙasan bene da motar haya da ke tsayawa a bakin titi. Ƙafata dai ta daina ciwo tun ranar da na farfaɗo, kuma wannan ne ya ruɗe ni.

A mako na biyar Manaja ya kira ya tambayi jiki, ya ce in kwantar da hankali, an ba wani abokin aikina sa hannu kafin in dawo. Na san mutumin. Yana cikin waɗanda suka ba ni wata shida. Da na ajiye wayar na ɗauko katin asibiti da fensir da takarda, na kwanta rigingine na ɗora littafi a ƙirji. Na san kaurin sandunan, na nemo ƙarfin irin ƙarfen, na sa nauyin jikina daga ƙugu zuwa sama, na ƙara kilo takwas a tsawon hannu, na ninka komai sau uku don kariya kamar yadda aka koya mana. Na sake bi daga farko har sau biyu. Lissafi ya ce sandunan za su ɗauke ni da dunƙule a hannu, su ƙara neman wani. Da na gama, fensirin ya zame ya faɗa tsakanin gado da bango. Ban damu ba, ya gama aikinsa.

Ranar Litinin ta mako na shida na koma aiki. Sulken yana fitowa ta ƙarƙashin farar rigar aiki, yana sa ni tafiya kamar mai ɗauke da tire, don haka na cire shi na rataye a bayan ƙofar ma'ajiya. Akwai wani dattijo a ɗakin, wanda muke kira Baba Sikeli saboda yana iya faɗin nauyin dunƙule da hannu kafin a ɗora a ma'auni. Ya tare ni a bakin tanki ya ce, "'Yata, ki bar mini ɗagawa, ke ki riƙe biro." Na ce masa na gode, Baba, an sa mini ƙarfen da ya fi rodin ginin nan kyau. Ya yi murmushi ya matsa. Tankin ya kai mini cinya, kuma dunƙulen suna can ƙasa. A rana nakan fito da goma sha biyu, wani lokaci goma sha takwas. Mako shida ina haka.

Ciwon da ya dawo ba irin na da ba ne. Bai sauka ƙafa ba. Yana zaune can ciki, a tsakiyar ƙugu, yana farawa bayan azahar kamar haƙorin da ke shirin tashi. Ban gaya wa kowa ba. In Inna ta kira, sai in miƙe tsaye in amsa, don muryar mai kwance daban take.

Da wata uku ya cika na je ɗaukar hoto. Likita ya manna shi a allon haske ya ƙura masa ido. Sannan ya nuna mini da bakin biro. A gefen gaɓoɓin, inda ya kamata a fara ganin fari-fari kamar gajimare, babu komai. A kewayen sukuru na ƙasa ta hagu kuma akwai wani siririn baƙin layi. Ya ce alama ce sukurun yana motsi a cikin ƙashi. Ya tambaye ni me nake yi da bayana.

Da ma na zo da takardar lissafin a jaka. Na miƙa masa ita da hannu biyu, kamar yadda nake miƙa wa 'yan kwangila sakamako. Ban yi zaton zai karanta ba, amma ya karanta, layi bayan layi, har ya tambaye ni ma'anar wata alama.

"Ni dai ban ga kuskure ba," in ji shi. "Sau nawa kika lissafa ɗagawar?"

Na ce sau ɗaya, mafi nauyi.

Ya ɗauki ƙaramar wayar maƙale takardu a kan teburinsa, ya miƙar da ita, ya fara lanƙwasa ta gaba da baya a hankali. Bai kalle ni ba. Ni na san abin da zai faru tun a lanƙwasa ta biyu. Ƙarfe yana gajiya in ana ta maimaita masa motsi; na karanta wannan a shekarata ta uku a jami'a, har na ci jarrabawarsa da maki mai kyau. A ta goma sha ɗaya wayar ta rabu biyu. Ya ajiye guntayen a kan takardata.

Ya ce ƙarfen an sa shi ne ya riƙe gaɓoɓin shiru har ƙashi ya kama. Ƙashi ba ya haɗewa a inda ake motsi. In bai haɗe ba, ko sukuru ya kwance ko sanda ta karye, ko da me aka yi ta. Ya ba ni wata uku: sulke daga tashi har kwanciya, ba aiki, ba ɗagawa, tafiya kawai a miƙe. In hoton gaba bai canza ba, zai sake buɗe ni, ya ɗebo ƙashi daga ɗaya ɓangaren, a fara daga farko.

Ban yi kuka a ofishinsa ba. Na tattara guntayen wayar na sa a jaka, ban san dalili ba. Washegari na aika wa Manaja takardar Likita ba tare da ƙarin kalma ba. Baba Sikeli ne ya kawo mini sulken da na bari a bayan ƙofa, a naɗe cikin leda. Ya tsaya a bakin ɗaki ya ƙi shiga, ya ce tanki yana gaishe ni. Ya kalli ƙasan ɗakin, ya kalle ni, na ce masa sai an jima, Baba.

Wata ukun nan su ne mafi tsawo da na sani. Na tsara su kamar jadawalin gwaji. Da safe in juya kamar gungume, in ɗaura sulke, in sauka matakala ashirin da biyu ina riƙe da ƙarfen gefe. In bi titi har turken lantarki na shida, in juyo. Kowane mako in ƙara turke ɗaya, ko da ina jin zan iya uku. Wannan haƙurin ya fi ciwon kansa wahala. Mai walda ya saba da ni, yana ɗaga mini hannu, ya sa mini suna Soja saboda yadda nake tafiya ƙirji a gaba. Ban taɓa tsayawa ba. Sulken yana sa zufa, ya fito mini da ƙuraje a haƙarƙari. Ina cin abinci a tsaye, ina salla a kan kujera. Akwai ranakun da ban furta kalma ko ɗaya ba sai gaisuwar mai kanti. Abin da ya fi damuna shi ne babu abin da zan gwada. A wurin aiki in ina shakkar kankare, in fasa dunƙule in ga lamba. Nan ba dunƙule, ba allura. Abu yana faruwa a cikin bayana ko ba ya faruwa, ni kuma ina waje ina jira.

A wata na biyu na wannan zaman, wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ne, da fensir a bayan kunne da ƙurar katako a wandonsa. Ya ce Inna ce ta aiko shi, ta ce muryata ta cika lafiya, ba ta yarda da ita ba. Ya shigo ya tsaya a tsakiyar ɗaki. A gindin bango akwai cokali uku, mataji, murfi iri-iri, safa ɗaya, da albasar nan da ta yi tsiro a ƙarƙashin kujera.

"Injiniya, noma kika fara?"

Na ce ya bar su, ni zan kwashe. Bai saurare ni ba. Ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tebur, ya wanke cokulan. Sannan ya zaro awo daga aljihu ya auna tsayin gadona, ya auna daga ƙasa zuwa ƙuguna ba tare da ya taɓa ni ba, ya leƙa banɗaki ya auna, ya rubuta a tafin hannunsa. Ya tambayi dalilin da har yanzu nake cikin roba, alhali an ce wata uku.

Na gaya masa. Ban rage komai ba, har lissafin, har tankin. Na faɗa ina kallon taga, ina jiran ya rama. Yana da hakkin ramawa, kuma na shirya amsa.

Ya naɗe awonsa. "Wato kwana uku da zubi kika hau da buhunan siminti."

Na ce haka ne.

"Ni kika sa na bar turaku mako biyu a ginin nan. Na ji haushi, har na ƙi cin abinci ranar." Ya sa awon a aljihu. "Na wuce ta wajen bara. Ko tsaga babu."

Daga nan ya tafi. Ranar Litinin ya dawo da ƙafafun katako huɗu da suka ɗaga gadon, da kanta mai tsayin ƙuguna, da wani mazauni na banɗaki da ya goge shi har yana santsi, da sanda mai ƙugiya a baki. Ya kafa komai cikin awa ɗaya. Da zai tafi ya ce in na ga dama matarsa za ta riƙa zuwa ranar Laraba. Na ce ba na bukata. Ya ce ya sani, ya ja ƙofa. Na ji takunsa har matakala ta ƙarshe, sannan ɗakin ya koma yadda yake.

Ni kaɗai na je ɗaukar hoton wata shida. Na zauna a layi tsakanin wani tsoho mai sanda da wata mata da ke ta ba ni labarin ƙanwarta da aka yi wa aiki sau uku. Likita ya manna sabon hoton kusa da tsohon. Kafin ya ɗaga biro na gani. A gefen dama akwai wani fari-fari, siriri, kamar hayaƙi, ya taso daga gaɓa ta biyar yana neman ta huɗu. A hagu kaɗan ne ƙwarai. Baƙin layin sukurun yana nan, amma bai ƙaru ba. Likita ya ce bai ce an gama ba, amma ba zai taɓa wuƙa ba tukuna, in dai ci gaba da sa sulke. Ya tambaya ko na zo da wani sabon lissafi. Na ce na bar fensirin a gida.

Sai da shekara ta cika ya ce ƙashin ya haɗe, sosai a dama, daidai gwargwado a hagu. Ga abin da na fita da shi. Ciwon ƙafa ya tafi bai dawo ba. Babban yatsana na hagu ba ya jin komai, kuma Likita ya ce wataƙila haka zai zauna. Ƙuguna ya zama guda, ba na iya ɗaura takalmi sai na ɗora ƙafa a kujera. In gari ya yi sanyi ina sanin inda kowane sukuru yake. Ya kuma gargaɗe ni cewa gaɓar da ke sama yanzu ita ke aikin biyu, in lallaɓa ta, don wata rana tana iya kawo nata ƙorafin.

Na koma aiki. Baba Sikeli ke fito da dunƙule daga tanki, ni in sa ido a allura in sa hannu. Ranar farko mutumin da ya riƙe mini kujera ya ce ashe dai an koma biro. Na ce masa ya duba takardun da ya sa wa hannu a watan da ya wuce, akwai biyu da kwanan watansu bai yi daidai ba. Ya juya ya tafi neman takardun.

Ranar da na dawo daga asibiti da hoton ƙarshe, na rataye sulken a ƙusa, na tsaya a tsakiyar ɗaki. Ba kowa. Na kira Inna, wayarta a kashe. Na duba lambar Yaya, na san a wannan lokacin yana saman gini, ba zai ji ba. Na rubuta masa cewa an ce a cire turaku, na aika, na ajiye wayar a kan kantar da ya yi mini.

Akwai abu ɗaya da Yaya bai gani ba ranar da ya yi tsintuwa, ko ranar da ya ɗaga gadon, sandar ƙugiya ma ba ta kai wurin. Na ja gadon kaɗan da gwiwa. Na sauka a kan gwiwa ɗaya kamar yadda aka koya mini, baya a miƙe, hannu ɗaya a kan katifa. Fensirin yana nan a jikin bango, ƙura ta lulluɓe shi, bakinsa a karye. Na ɗauko shi, na miƙe a hankali, na hure ƙurar. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya a kan kanta. Kalma uku ya rubuto: "A hankali, Auta."

Na karanta a tsaye. Sannan na nemo reza, na zauna a bakin gado na fere fensirin, ɓawon yana zuba a ƙasa.